Tururuwar da ta Sauya Abincin Zaki: Tafiya Zuwa Laikipiya

Daga Nairobi zuwa Nanyuki tafiyar kusan kilomita 200 ce. Titin ya bi ta Thika, inda gonakin abarba suka shimfiɗu hagu da dama, ya ratsa Karatina da tuddanta na shayi da kofi, sannan ya kewaye Dutsen Kenya ta yamma har ya sauke mutum a garin da ke zaune daidai kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya kudu da arewa. Wanda ya ji haka zai ɗauka zafi zai tarar. Amma Nanyuki na kan tudu mai tsawon kusan mita 1,950 daga matakin teku, da asuba sai da rigar sanyi. Wannan sanyin yana da tasiri a kan aikin da ya kai mu, domin tururuwa ba ta fita kiwo sai ƙasa ta ɗan ɗumama, idan rana ta take kuma ta koma rami. Duk jadawalin ɗaliban da na raka a kan waɗannan sa'o'i na tsakani aka gina shi.

Ɗaliban masu nazarin dangantakar halittu da muhallinsu ne, wasu a shekarar ƙarshe ta digirin farko, wasu a digiri na biyu. Tambayarsu guda ce ko da yake sun kasa ta gida uku: idan baƙuwar halitta ta shigo daji ta mamaye, me ke samun tsarin wa-ke-cin-wa? Yankin Laikipiya, inda Nanyuki take, ya dace da wannan tambaya, domin baƙi biyu sun riga sun zauna a cikinsa, wata tururuwa a ɓangaren baƙar laka, da wani tsiro mai ƙaya a ɓangaren jar ƙasa. Kuma an daɗe ana awo a wurin. Cibiyar bincike ta Mpala ta buɗe a 1994, a 1995 kuma aka kafa wani gwaji na filaye 18, kowanne mita 200 tsawo da faɗi, inda aka yi wa wasu shinge don hana giwa da raƙumin dawa shiga, wasu aka hana shanu, wasu aka bar su a buɗe. Ɗalibin da ya zo yau yana da abin da zai kwatanta awonsa da shi, abin da ba kowane daji ke ba mutum ba.

Gandun Ol Pejeta na yamma da Nanyuki, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 360. Yawancin masu zuwa karkanda ke kawo su, don a nan ne ragowar farar karkandar arewa guda biyu suke, uwa da 'yarta, tun bayan mutuwar namijin ƙarshe a 2018. Mu wucewa muka yi zuwa filin baƙar laka, tare da ma'aikacin gandu ɗauke da bindiga, domin ba a sauka daga mota a nan ba tare da shi ba. Ƙasar da rani takan tsage har mutum ya zura hannu. Idan ruwa ya sauka, daga Maris zuwa Mayu ko a Oktoba da Nuwamba, sai ta zama taɓo mai riƙe taya, mota ta kafe. Wanda bai saka kwanakin da laka za ta cinye masa cikin lissafi ba, rabin filayensa kawai zai kai ga aunawa.

Bishiya guda ce ta mallaki wannan ƙasa. Dangin bagaruwa ce, masana na kiranta Vachellia drepanolobium, kuma a wasu wuraren ta haura kashi 90 cikin 100 na itatuwan da ke tsaye. Gajeriya ce, yawancinta ba su fi mita 2 ko 3 ba. A gindin wasu ƙayoyinta akwai baƙin ƙululu mai rami a ciki, tururuwa ta huda shi ta mayar da shi ɗaki, idan iska ta bi ta hudojin sai a ji fito. A gindin ganyenta kuma akwai 'yar kafa mai tsattsafo da ruwan zaƙi. Bishiya ta ba da gida da abinci, tururuwa ta biya da gadi. Giwa ba ta tsoron ƙaya, amma cikin hannunta fata ce mai laushi, kuma tururuwar can take kutsawa ta yi cizo. Jacob Goheen da Todd Palmer sun nuna a 2010 cewa giwa na cin rassan wannan bishiya da daɗin rai idan an cire tururuwar, tana kuma ƙin rassan bishiyar da ta fi so idan an zuba musu ita.

Abin da aka fara koya wa ɗaliban shi ne gane masu gadin, domin iri huɗu ne kuma ba aikinsu ɗaya ba. Crematogaster mimosae jan kai da jan ƙirji gare ta, bayanta baƙi, ita ce mafi zafin kai farmaki. Crematogaster nigriceps akasin haka take, kai baƙi, baya ja. Tana gadi sosai, amma tana datse tohon bishiyar don kada rassa su taɓa na maƙwabta, har ta hana ta fure. Crematogaster sjostedti baƙa ce wuluk, ba ta damu da ƙululun ba, a ramukan da tsutsar ƙwaro mai huda itace ta bari take zama, gadinta kuwa kaɗan ne. Ta huɗu, Tetraponera penzigi, siririya ce doguwa, tana lalata kafofin zaƙin da kanta don kada sauran su yi kwaɗayin bishiyarta. Wanda ya rubuta "akwai tururuwa" a takardarsa ya tafi, bai rubuta komai ba.

Awon zafin gadi haka suke yinsa. A zaɓi reshe a daidai ƙirji, a sa safar hannu ta fata, a ƙwanƙwasa reshen da fensir sau biyar, a riƙe bakinsa, a ƙirga tururuwar da ta hau safar cikin daƙiƙa 30. Da jin sa abu ne mai sauƙi, amma abubuwa uku ke ɓata shi. Idan aka gogi bishiyar da jiki kafin a fara, tururuwar ta riga ta fito, adadin zai kumbura. Idan an auna wasu bishiyoyi da sanyin safiya wasu da hantsi, zafin rana aka auna, ba halin tururuwa ba, shi ya sa ake rubuta lokaci da ɗumin iska a gefen kowane adadi. Na uku, warin faɗakarwar da tururuwa ke fitarwa yana maƙalewa a safar, bishiya ta gaba za ta taso tun ba a taɓa ta ba. Sai a riƙa goge safar da itanol, wato tsantsar sinadarin barasa, ana barinta ta bushe, ko a tafi da guda biyu ana musanyawa.

Muna cikin tafiya a layin awo sai daji ya sauya fuska cikin 'yan taku. Bishiyoyi a karye, wasu an tuge su, wasu an saɓule musu ɓawo, ido yana kaiwa nesa ba abin da ya tare shi. Aka ƙwanƙwasa reshe, shiru. Nan ne yankin baƙuwar, Pheidole megacephala, tururuwa mai ƙaton kai. Ƙanƙanuwa ce, ma'aikatanta ba su fi milimita 2 ba, sojojinta masu ƙaton kan kusan milimita 4. Tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a duniya, kuma ta bayyana a Laikipiya wajen farkon shekarun 2000, ta fara daga matsugunan mutane. Ƙarfinta yawa ne. Gidajenta ba sa faɗa da juna, sarauniyoyi ne da dama, sabon gida kuma da ƙafa yake ɓallewa daga tsoho ya matsa gaba, shi ya sa bakin mamayar ke tafiya kimanin mita 50 a shekara. Idan ta isa bishiya sai ta hau ta kashe masu gadi, ta kwashe ƙwai da tsutsotsinsu, ta sauko ta koma ƙasa inda take zama. Ba ta zama a ƙululu, ba ta cizon giwa. Tetraponera penzigi kaɗai ke iya lafewa ta tsira, ita kuwa ba gwanar gadi ba ce. Binciken da Corinna Riginos da abokan aikinta suka fitar a 2015 ya nuna ɓarnar giwa a kan bishiyoyin yankin da aka mamaye ta ninka ta sauran sau biyar zuwa bakwai.

Gano bakin mamayar shi ne aikin rukuni na farko, kuma a kansa sauran duka suka dogara. Ana ja igiyar awo daga inda aka tabbata baƙuwar na nan zuwa inda aka tabbata babu ita. Kowane mita 10 a ajiye farin kati, a ɗora masa ɗan kifin gwangwani gwargwadon rabin ƙaramin cokali, a dawo bayan minti 30 zuwa 45. Inda take, katin zai rufe da ita, a ga sojojin a tsakanin ma'aikata. A buga turke mai lamba a katin ƙarshe da ta hau, a ɗauki wurin da na'urar GPS. Turken ya fi na'urar muhimmanci, domin GPS na hannu na iya kuskure da mita 3 zuwa 5, wanda ya kai abin da tururuwar ke ci a wata guda. Kati ɗaya da ba a ga kowa a kansa ba bai isa shaidar babu ba, sai an maimaita a wata rana. Akwai kuma 'yan asalin wurin daga dangin Pheidole masu kama da ita, don haka daga kowane kati ana ɗebo kaɗan a 'yar kwalba a tabbatar a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kafin a bar yankin kuma a kakkaɓe takalma da jaka da tabarmar mota. Mai bincike na iya ɗauke sarauniya a cikin ƙasar da ta manne masa, ya kai ta kilomita goma gaba a yini ɗaya.

A inuwar mota wata ɗaliba ta yi tambayar da ta fi kowace amfani a tafiyar. Ta ce, "Malam, tun da baƙuwar daga gidajen mutane ta taso, ta yaya za mu san ita ce ta jawo karyewar bishiyoyin? Wataƙila kusa da mutane akwai mashaya, giwaye suka fi taruwa a can." Gaskiyarta. Kwatanta yankin da aka mamaye da wanda ba a mamaye ba, shi kaɗai, ba ya raba tururuwa da ruwa da shanu da hanya. Maganin shi ne filaye iri huɗu: mai baƙuwa da shingen hana giwa, mai baƙuwa a buɗe, marar baƙuwa da shinge, marar baƙuwa a buɗe. Idan bishiyoyi sun tsaya lafiya a cikin shinge ko da baƙuwar na nan, sun kuma tsaya a buɗe inda masu gadi suke, amma sun rushe inda baƙuwa da giwa suka haɗu, to an kama bakin zaren. Wani kuskuren da ɗalibai ke yawan faɗawa shi ne su auna bishiya 40 a fili guda su lissafa su a matsayin shaida 40. Ƙasarsu ɗaya, garken giwar da ya bi ta kansu ɗaya, don haka shaida ɗaya ce. Filaye takwas masu bishiya biyar-biyar sun fi fili ɗaya mai arba'in.

Irin wannan tsari ne Douglas Kamaru, ɗan Kenya, ya bi lokacin yana ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Wyoming ta Amurka, a aikin da mujallar Science ta buga a Janairun 2024. Shi da abokan aikinsa sun ɗauki zaren daga inda aka tsaya suka kai shi ga zaki. Zaki da kwanton ɓauna yake kama jakin dawa, yana buƙatar duhuwar da zai laɓe. Inda giwa ta share bishiyoyi, jakin dawa na hango shi tun daga nesa. Sun ɗaura wa zakanya shida abin wuya mai GPS, inda alamar ta daɗe a wuri guda sai a je a duba ko gawar dabba ce. Sun tarar kisan jakin dawa ya fi yawa kusan ninki uku a inda baƙuwar ba ta kai ba. Daga 2003 zuwa 2020, kason jakin dawa a abin da zakuna ke kashewa ya sauko daga kashi 67 zuwa 42 cikin 100, na ɓauna ya tashi daga sifiri zuwa 42. Yawan zakunan bai ragu ba. Sun koma ga dabbar da ta fi girma da haɗari, wadda sai an taru ake kayar da ita.

Abin da ya burge ni a aikin ba nisan da ke tsakanin tururuwa da zaki ba ne kawai. Kowace gaɓa an auna ta daban: tururuwa da bishiya, bishiya da giwa, giwa da nisan gani, nisan gani da kisa. Har sun duba ko jakin dawa ne ya ƙaura ko zaki ya sauya wurin yawo, don kada a ɗora wa duhuwa abin da ba nata ba. Ɗalibanmu ba su da kuɗin abin wuyan zaki, amma gaɓar nisan gani tana hannunsu. Mutum ɗaya ya tsuguna a tsakiyar fili, idonsa a tsawon kusan mita ɗaya daga ƙasa, ya auna da na'urar auna nisa zuwa abu na farko da ya tare gani, gabas da yamma, kudu da arewa da kusurwoyin tsakaninsu. Idan aka yi a tsaye, sai a ga daji a buɗe alhali ga mai laɓe a rufe yake.

Rukuni na biyu ƙasa suka duba, don baƙuwar ba a kan bishiya kaɗai take farauta ba. Tarkonsu kofin roba ne mai baki kusan santimita 9, a binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a zuba ruwa zuwa sulusi da ɗigon sabulu marar ƙamshi don ƙwaro ya nutse, a ɗora masa rufi a kan tsinke uku saboda ruwan sama, a kwashe bayan sa'a 48. Tsakanin tarko da tarko mita 10 ko fiye. Baƙar laka tana da nata sharrin: tana bushewa sai ta janye daga jikin kofin, ta bar rata, ƙananan ƙwari su faɗa ratar maimakon kofin. Sai an cike gefen da ƙasa mai laushi an danne. Sabon tono kuma yana jawo tururuwa, don haka ake binne kofin a rufe a bar shi kwana biyu ko uku kafin a buɗe. Kura da gwaggon biri suna tuge tarko, musamman idan hannun da ya taɓa kifin gwangwani ne ya binne shi, shi ya sa masu kati daban, masu tarko daban. Kuma dole a tuna cewa tarkon rami yawan zirga-zirga yake aunawa. Idan ya faɗo a kan hanyar tururuwa zai cika da dubbai, gizo-gizon da ke zaune wuri ɗaya kuwa ba zai taɓa shiga ba. Ga ƙwarin kan bishiya ragar kamu ba ta aiki, ƙaya za ta yayyaga ta. Farin ƙyalle ake shimfiɗawa a ƙarƙashin reshe a buga shi da sanda, a tsince abin da ya zubo.

Da dare aikin tantancewa ne. Abin da za a duba siffarsa a saka shi a itanol mai ƙarfin kashi 70, wanda za a ciri ƙwayar halittarsa a saka a mai kashi 95. Takardar shaida da fensir ake rubuta ta a jefa cikin kwalbar, domin tawadar biro itanol na wanke ta, abin da aka manna a waje kuma yana ɓallewa. Kwalbar da ba ta da wuri da rana da lambar tarko, zubar da ita kawai ya rage.

Daga nan muka nufi arewa, wajen Dol Dol, inda baƙar laka ta ƙare jar ƙasa da duwatsu suka karɓa. Tun daga mota ake ganin baƙo na biyu: Opuntia stricta, kaktus ɗan asalin nahiyar Amurka, fallensa kore masu kauri jere kan juna, 'ya'yansa ja-ja masu ruwan shunayya. A zamanin mulkin mallaka aka shigo da shi don ado da shinge. Inda kiwo ya cinye ciyawa ƙasa ta zama fili, nan ya fi samun wuri. Ban da manyan ƙayoyinsa yana da wasu ƙanana kamar ƙaiƙayi, masu ƙugiya a baki, da ke maƙalewa a leɓe da harshe da idon akuya da tunkiya. Baki ya kumbura, dabba ta kasa kiwo ta rame, wata ta makance. Makiyayan yankin sun fi kowa sanin wannan.

A nan sarƙar abincin ta wata hanya ta karkace. Tsiron bai hana namun daji abinci ba, ƙara musu ya yi. Gwaggon biri da giwa da tsuntsaye suna shan 'ya'yan, su kai irin nesa su sauke shi tare da taki. Kowane falle kuma da ya faɗi ƙasa yana iya yin saiwa. Wannan ne ya sa sara da adda ke ƙara shi idan ba a tattara saran an binne a rami mai zurfi ba. Rukuni na uku sun ja layi mai tsawon mita 50 da faɗin mita 4, suna ƙirga kowane tushe, da fallensa, da 'ya'yansa, suna kuma tsince kashin biri da na giwa, su wanke a rariya su ƙirga irin da ke ciki. Da awartakin ƙarfe mai dogon hannu ake taɓa tsiron, domin ƙananan ƙayoyin suna ratsa safa su zauna a cikinta. Idan sun shiga fata, salatif ake mannawa a fizge.

A jikin wasu tsirran mun ga farin abu tuli-tuli, fallen sun yi rawaya sun yanƙwane. Wannan ƙwaro ne da aka kawo da gangan, Dactylopius opuntiae, wanda aka fara saki a gandun Ol Jogi a 2014 ta hannun ƙungiyar binciken noma da muhalli ta CABI, bayan ya yi aiki a kan wannan kaktus a Ostareliya da Afirka ta Kudu. Macen tana kafa baki a falle ta tsotse ruwansa, ba ta sake motsi, ta rufe kanta da farin kaki. Idan an murtsuke ta ja ne ke fitowa. 'Ya'yanta ne ke rarrafe, iska ta ɗauke su zuwa tsiro na gaba. Ana kiwonsa a rumfa mai rufi: a yanko lafiyayyun falle, a bar bakin yankan ya bushe, a jera su kusa da masu ƙwaron, bayan 'yan makonni a kai daji. Wurin ajiyewa yana da ƙa'ida. A cusa fallen mai ƙwaro cikin tsakiyar tushen, ƙasa-ƙasa, yana taɓa lafiyayye, ta ɓangaren da ruwan sama ba ya duka. Ruwa mai ƙarfi yana wanke ƙananan, don haka sakin da aka yi a bakin damina yawanci asara ne. Kuma ƙwaron yana da zuri'a-zuri'a, wadda ke cin wannan kaktus ba lalle ta kama ɗan'uwansa ba, sai an tabbatar da irin tsiron kafin a kai masa.

Na tsaya a kan wannan da ɗaliban, domin ganin kaktus na mutuwa yana sa mutum ya ɗauka kawo ƙwaro daga waje abu ne mai sauƙi. A 1926 Ostareliya ta saki wani malam-buɗe-littafin dare, Cactoblastis cactorum, a kan kaktus da ya rufe kusan hekta miliyan 24, cikin 'yan shekaru tsutsarsa ta rusa shi. Aka kai shi tsibirin Nebis a yankin Karibiyan a 1957, daga can ya bi tsibirai har aka gan shi a Florida a 1989, inda kaktus ɗan gida ne, ya shiga cin irin da ake ƙoƙarin karewa. Ƙwaro ɗaya ne, aikinsa ɗaya, wurin ne ya bambanta. Afirka ba ta da Opuntia na asali, wannan ya rage haɗarin a Kenya, amma duk da haka sai da aka gwada ƙwaron a killace a kan wasu tsirrai kafin hukuma ta yarda a sake shi. Ba aikin da ɗalibi zai yi da kansa ba ne. Hatta awon da muke yi sai da lasisin NACOSTI, hukumar kula da binciken kimiyya ta Kenya, da izinin cibiyar binciken namun daji ta ƙasar, fitar da samfuri daga Kenya kuma yana da tasa takardar daban.

Wani ɗalibin digiri na biyu ya zo da niyyar gano ko birai da ƙwarin ƙasa sun koma dogaro da kaktus, ta hanyar awon nau'in sinadaran da ke jikinsu. Dabarar sananniya ce. Naitirojin mai nauyi, na 15, yana ƙaruwa da kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 1,000 a duk matakin da aka hau daga abin ci zuwa mai ci, don haka yana nuna matsayin halitta a sarƙar. Kabon na 13 kuma yana nuna tushen abincin, domin ciyawar wurare masu zafi ta fi bishiya tara shi. Ana busar da samfuri a ɗumin digiri 60 na sa'a 48, a niƙa, a auna. Ga tururuwa sai an cire bayanta tukuna, don abin da ta sha a ranar yana ciki, zai gurɓata sakamakon. A filin baƙar laka wannan na aiki sarai, zai iya nuna ko baƙuwar ta fi 'yan gida cin nama, ko daga ciyawa abincinta ke tasowa ko daga bishiya.

A Dol Dol kuwa dabarar ta ci karo da bango. Kaktus da dare yake shaƙar iskar kabon don tattalin ruwa, kuma wannan hanya tana ba shi alamar kabon da ta yi kusa da ta ciyawa ƙwarai. Birin da ya ƙoshi da 'ya'yan kaktus da wanda ya ƙoshi da ciyawa kusan abu ɗaya na'urar za ta nuna a gashinsu. Da ya tara samfurin ya biya kuɗin awo, da sai a ƙarshe zai gane lambobin ba za su raba masa biyun ba. Ya sauya tsari tun muna wurin: ƙirgar iri a cikin kashi don birai da giwaye, sa'o'in zama da agogo ana rubuta wanda ya zo tushen da abin da ya ci, da kyamarar tarko a tsawon gwiwa tana kallon kudu ko arewa don kada fitowar rana da faɗuwarta su cika ta da hotunan banza, an kuma share ciyawar gabanta saboda iska. Ga ƙwarin ƙasa ya ware wasu a itanol mai kashi 95, don a nemi ƙwayar halittar kaktus a cikin hanjinsu idan an koma ɗakin gwaji a Nairobi.